Tafiya a Bayan Malam

Tun ina amarya nake bin bayan Malam a gaɓar kanal ɗin ban ruwa, daga gidanmu a Bunkure zuwa gonar shinkafa. Hanyar siririya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu. Shi a gaba da fartanya, ni a baya da ƙwaryar fura, kuma ban taɓa cewa ya jira ni ba.

Bayan rasuwarsa ƙafafuna suka kumbura. Likita ya ce in riƙa tafiya kullum, sai ɗana ya ɗauko ni zuwa Kano. Da safe matarsa kan kai ni wani katafaren kanti mai sanyi, inda tsofaffi ke zagayawa don motsa jiki.

"Inna, ki yi gaba mana, ga fili nan," in ji ta.

Ni ban saba shiga gaba ba. Rannan na hango wani dattijo mai farar hula yana ɗan ɗingishi irin na Malam. Ban san lokacin da na bi bayansa ba. Ya rage sauri, na rage. Da ya tsaya, sai na ji bakina ya ce, "Malam, ka gaji ne?"

Ya waiwayo. "Hajiya, lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na ja mayafi na wuce shi da sauri, kada surukata ta ga idona.