Tukunya Biyu a Rumfar Derpog

Derpog ta buɗe ido ta ga uwarta tana dafa fito, giyar dawa, uwar ma a wurin tata uwar ta gada. Tun kanta bai kai bakin tukunya ba take shanya tsiron dawa a kan soro tana korar kaji. Da aka kai ta gidan Kpieta, manomi a wani ƙauye kusa da garin Nandom, tukwanen uwarta ne suka fi komai nauyi a kayan aurenta. Ta kafa rumfa a gindin ɗorawar da ke bakin hanya, kafin damina ta zagayo sunanta ya riga ya kai kasuwa. Manoma in sun taso daga gona can suke zubewa, masu makoki kuwa ba sa kiran makaɗa sai sun aiko mata da dawa ta dafa musu fito.

Mai fito da harshenta take aiki. Za ta ɗanɗana in ya tafasa, ta ɗanɗana in ya yi tsami, ta sake ɗanɗanawa da safe in ya kwana da yis yana kumfa. Baƙo in ya saya, al'ada ce ta fara kurɓa kafin ta miƙa masa ƙwarya. Ba wanda ya taɓa ganin Derpog tana tangaɗi, amma da wuya rana ta faɗi cikinta bai ga fito ba.

'Yarta ta fari, Faustina, a shekarar da aka yi fari aka haife ta, lokacin da dawar tuwo ma sai an yi tattali, tukwane duk a kife. Cikin ɗanta Tengan kuwa a shekarar yalwa ya zo. Rumbuna sun cika, ga bukukuwa ga makoki, wuta ba ta mutuwa a murhunta. In ta ce jiri take ji, sai surukarta ta cika mata ƙwarya ta ce ta shanye, fito jini yake ƙara wa mai ciki. Ita ma haka ta sani, haka kowa ya sani.

Tengan ya zo ɗan mitsitsi, ba ya kama nono da ƙarfi. Sa'o'insa suka yi tafiya yana rarrafe, suka yi magana yana nuni da yatsa. A makaranta malamai suka yi iya yinsu, abin da aka koya masa yau gobe ya tsiyaye. Wasu suka ce iskar rafi ce ta shafe shi, wasu suka ce baki aka yi masa. Derpog ta kai shi wurin masu magani, ta kunna kyandir a coci, a ƙarshe ta riƙe shi yadda Allah ya ba ta. Ya girma ya zama namiji mai sanyin hali. In an aike shi sai ya manta saƙon a hanya, amma shi ke faskara mata itace, shi ke kai wa aladu tuƙar fito, kuma duk yaron da ya faɗi a unguwar shi ne farkon mai ɗaga shi.

Tengan ya riga ya fara gemu sa'ad da aka kawo sabuwar nas ƙaramin asibitin ƙauyen, wata doguwa mai suna Perpetua. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta roƙi mata su ɗan dakata a inuwar mangwaro. Ta ce abin da mai ciki ta sha, ɗan cikinta ma ya sha, kuma ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa ba ta da ƙarfin ɗaukar giya. Ta ce ba wanda ya san wani ɗan ma'auni da za a ce ba ya cutarwa, ba kuma watan da za a ce yanzu an tsira. Mai neman haihuwa ma gara ta ajiye tun kafin, domin ciki yana shiga ya zauna uwar ba ta sani ba tukuna.

Mata suka yi ta dariya. Wata tsohuwa ta ce su da fito aka yi cikinsu aka haife su, ga su nan garau. Perpetua ta ce gaskiya ne, ba kowane ɗa abin yake kamawa ba, shi ya sa ake raina shi. Sai ta faɗi yadda wanda ya kama yakan kasance: ƙarami a wurin haihuwa, jinkirin tafiya da magana, karatu ba ya zama. Derpog tana cikin masu dariya, da ta ji haka sai ta daina.

Ta bari kowa ya watse, ta bi nas ɗin a baya har bakin famfo.

"'Yata, kin san ɗana Tengan?"

"Na san shi, Mama. Shi ya ɗauko mini kaya daga mota ranar da na zo."

"To faɗa mini. Ni na yi masa haka?"

Perpetua ta ce ba za ta iya rantsewa ba, abubuwa da yawa suna kawo irin wannan, shekaru kuma sun yi nisa. "Zai iya yiwuwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma wa ya gaya miki a lokacin? Abin da manyanki suka ce zai ƙara masa lafiya shi kika sha."

Makon nan Derpog ba ta jiƙa dawa ba. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon Tengan yana jera itace a gindin murhu kamar kullum, yana mamakin me ya hana a hura wuta. Da ta gaya wa Kpieta abin da ke cinta, har ta ce za ta fasa tukwanen. Tsohon ya daɗe yana murza tabarsa, sannan ya ce in ta fasa, mata za su tsallaka rumfar gaba ne kawai, can kuwa ba mai hana su. Ya ce ɗan nan nasu ne su biyu, shi ma da hannunsa ya sha miƙa mata ƙwarya.

Da ta koma aiki sai aka ga tukunya biyu a rumfar. Kafin ta zuba yis takan kwashi ruwan zaƙin, wanda a da yara kawai ake ɗiba wa, ta tace shi ta ajiye a inuwa. Sai da ta je ta tambayi Perpetua ko wannan ya halatta, nas ta ce in na ranar ne, bai kwana ya tashi ba, babu laifi. Daga nan Derpog ta daina sayar wa mai ciki fito mai ƙarfi, ko da za ta zube mata kuɗi sidi nawa.

Ba ta sha da daɗi ba. Maza suka riƙa kiranta likita, suna tambaya ko su ma sai ta tattaɓa musu ciki kafin ta zuba. Takan ce wa mai babban tumbi a cikinsu, "Kai naka ya wuce wata tara, sha abinka." Wasu matan suka yi fushi suka koma wata rumfar, ba ta bi su da magana ba. Matsalar da ta fi wuya ita ce ta masu ƙaramin ciki. Mace ba ta faɗin cikinta sai ya fito da kansa, in kuwa aka gan ta da ruwan zaƙi a bainar jama'a, an gama tona ta. Sai Derpog ta mai da tukwanen biyu bayan zana, ƙwarya iri ɗaya, launi kusan ɗaya. Mai son ruwan zaƙi sai ta taɓa mata gwiwar hannu lokacin biya, shi ke nan. Ta san cikin rabin matan ƙauyen kafin mazajen su sani, ba a taɓa jin ko ɗaya daga bakinta ba.

Gwiwoyinta sun fara ƙin tsayuwar murhu lokacin da Faustina da mijinta suka dawo daga Kumasi suka zauna a ƙauyen. Faustina ta daɗe da aure ba haihuwa, ta yi ɓari, ta gaji da tambayar dangin miji. Ta ce za ta karɓi sana'ar. Derpog ta ce ta karɓi muciya da rariya, amma ba za ta kai ludayi baki ba muddin tana neman ɗa.

"Inna, ya za a yi in dafa abin da ban ɗanɗana ba? Ke kuma kin ce harshenki ya mutu."

Kpieta, da ke kwance a kan benci kamar mai barci, ya tashi zaune ya ce in dai don jikansa ne, shi ya yarda ya sadaukar da kansa. Derpog ta ce ta san za a rina, tun da ta aure shi yake jiran wannan muƙamin. Ta ware masa ɗan ƙaramin ludayi, ta ce wanda ya wuce wannan sai ya biya kamar kowa. Kullum da safe sai ya zo ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce bai tabbata ba, a ƙara masa. Ba a ƙarawa.

Derpog ba ta taɓa ce wa 'yarta barin fito zai kawo ciki ba, ta dai ce in ya zo ya tarar da gida a share. Sai da kaka ta wuce, wata kakar ta sake zuwa, sannan wata safiya Faustina ta zo bayan zana ta taɓa gwiwar hannun uwarta. Derpog ta ajiye rariyar da ke hannunta ta zauna a kan turmi, ta kama zanin 'yarta ta riƙe. Ita ta riƙa raka ta awo, da sandarta, suna tafe suna hutawa.

Mace aka haifa, a hannun Perpetua, da kuka mai ƙarfi. Gwaggonnin miji suka iso da tulun fito don mai jego ta sha nono ya kawo. Derpog ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta miƙa wa mazan da ke waje, ta shigar wa 'yarta kunun gero mai zafi da tuwo da miyar kuka. Gwaggonnin suka yi ta gunaguni, ta bar su suka yi har suka gaji.

Tengan ya daɗe a bakin ƙofa yana leƙe, ya ƙi shiga, wai hannunsa da kaushi, kada ya karya ta. Derpog ta jawo shi ta zaunar a kan tabarma, ta lanƙwasa masa hannu, ta nuna masa inda zai tallafi kai, sannan ta ɗora masa jaririyar. Ya ƙame ko numfashin kirki ba ya yi. Can sai ya ɗago ya ce, "Inna, tana da nauyi."

"Tana da shi," in ji Derpog.

Jaririyar ta tsula masa fitsari a cinya. Faustina ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta miƙo hannu za ta karɓe ta, Tengan ya ce a bar ta tukuna, ai ba ta gama ba.