Anti In-Ta-Ƙi

Shekara goma sha ɗaya Anti ta yi a teburin kusa da taga, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Kamfaninsu na yin manhajar da marasa lafiya ke kama layin ganin likita da ita ta waya. Manhajar kan aika tambaya ga sabar asibiti, wato kwamfutar da ke can nesa, ta jira amsa. Wajen gwaji ba a taɓa ta gasken. Sabar bogi ake haɗawa, a sa mata amsa a baki. Aikin Anti shi ne ta duba ko bogin ya yi kama da gaskiya. Tambayarta kullum ɗaya ce, ita ta ja mata laƙabi: “In ta ƙi fa?”

A gida ma haka take. Mijinta, direban motar makaranta, tayar safaya biyu yake yawo da su don a zauna lafiya.

Wata Talata wani sabon ma'aikaci mai tabarau ya kawo mata gwaji arba'in, duk sun ci. Ta karanta har ƙasa.

“Ƙanena, wannan sabar taka kunyarka take ji? Sau arba'in ka tambaye ta, sau arba'in ta ce lafiya lau.”

“Ai ɗari biyu ke nan, Anti, lambar da saba ke turowa in komai daidai ne.”

“Na sani. Ina ɗari huɗu da huɗu, in an nemi likitan da ya bar aiki? Ina ɗari biyar, in kanta ya juye? In ta yi gum minti guda fa? In ta fara magana ta katse a tsakiya?”

Kwana uku ya yi yana gyara, yana gaishe ta ciki-ciki.

Bayan shekara biyu, wata safiya sabar gasken ta faɗi har awa shida. Manhajar ta ba mutane haƙuri, ta riƙe wa kowa layinsa, ta yi ta sake tambaya har aka amsa. Ko mutum ɗaya bai kira da ƙorafi ba.

A taron mako manaja ya ce, “Kun gani? Ashe faɗuwar ma ba wani abu ba ce. Anya muna bukatar duk wannan bin ƙwaƙƙwafin?”

Anti ta kurɓi ruwa ta ce, “Allah ya kyauta, ranka ya daɗe.”

Da aka tashi, mai tabarau ya bi ta har bakin matakala. Ya san gyaran da ta sa shi ne ya cece su, sai kawai ya karɓar mata jaka. Ta bar shi ya riƙe har titi.