Malama Adawiyya, Mai Rubuta Maganar Tsofaffi

Idan an yi sallar Asuba an sha kunu, Malama Adawiyya Attahiru takan saka littafin rubutu da biro biyu a jaka, ta yafa mayafi, ta fita bakin hanya a Unguwar Lalle ta tare mai babur. Wata rana Sabon Birni ta nufa, wata rana Tozai. Ba fada take zuwa ba. Cikin gida take shiga, inda baƙon namiji ba ya shiga, ta zauna gaban tsohuwa tana taya ta ɓarar gyaɗa har hira ta kankama. Da can ranar Asabar da lokacin hutu kawai take wannan yawo. Yanzu kullum ne, domin a watan jiya ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamare. Ni ma a ajinta na iya karatu.

Abin ya faro ne daga aikin gida. Ta ce wa 'yan aji biyar kowa ya tambayo wanda ya kafa unguwarsu. Wata yarinya, Firdausi, ta dawo ba ta rubuta komai ba.

"Malama, kakata ta ce ki taho da kanki. Ta ce wagga magana ta fi ƙarfin yara."

Ta je. Yini uku tsohuwar tana magana, ita tana rubutawa: wanda ya haƙa rijiya, shekarun yunwa, matan da aka kai aure ƙetaren iyaka cikin Nijar, waƙoƙin niƙa da aka daina yi. Ba a yi wata biyu ba tsohuwar ta rasu. Tun daga nan Malama ba ta zauna ba. Yau littattafanta arba'in da ɗaya ne. A kan kowane labari akwai sunan wadda ta ba da shi da ranar da aka yi hirar. Idan mutum biyu sun saɓa, sai ta rubuta duka biyun, ba ta zaɓa.

Da yawa sun ɗauki abin hirar mata ce kawai, har zuwa lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen da aka haife ta, kusa da Tozai. Shekara biyu mutane suna gudun hijira. Da suka koma, ciyawar gambar da ke raba gonaki ta ƙone, dattawan da suka san iyakoki kuma sun rasu a can. Rikici ya tashi kan wata gona tsakanin Usaini, ƙanen Malama uwa ɗaya uba ɗaya, da Sadiƙa, wadda aka kashe mijinta aka bar ta da marayu huɗu. Mai gari ya aika a kira Malama da littafinta.

Bayan La'asar, ana gobe zama gaban mai gari, Usaini ya same ta a gida.

"Yaya, kin san tun muna yara Baba ke noman gonar nan."

"Na sani, Usaini. Amma abin da Inna Saude ta faɗa mini shi za ni karantawa. Ba ni ƙarawa, ba ni ragewa."

Inna Saude gwaggonsu ce, kuma shekara tara kafin rikicin aka yi hirar. Washegari Malama ta karanta a gaban jama'a: daga kututturen tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, aro ne mahaifinsu ya karɓa daga surukin Sadiƙa a wata shekarar fari. Aka je aka tone ƙasa, aka sami kututturen inda aka ce. Gona ta koma hannun marayu. Waɗanda ke wurin sun ce sai da ta kai ƙarshen shafin, ba ta tsallake komai ba.

Usaini ya yi shekara guda ba ya gaishe ta. Ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba, kuma ba ta fasa aika tuwon sallah gidansa ba. Ranar walimar ajiye aikinta na gan shi a layin baya. Bai yi jawabi ba, amma shi ya tattara tabarmi bayan an watse.

Malama, ke ce kika zauna a ƙasa kika saurari waɗanda aka daina saurare. Ke ce kika karanta gaskiya a ranar da ta taɓa gidanku. Uwar ɗalibai, taskar Gobirawa.

Na tambaye ta ko yanzu za ta huta. Ta ce, "Akwai wata tsohuwa a Isa, an ce ta haura ɗari, kuma ba ta da lafiya. Gobe can za ni."

Mun gode, Malama. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare miki hanya. Mu kuma da ta koya wa rubutu, ba sai mun je Isa ba. Duk wanda yake da tsohuwa a gida, ya shiga ɗakinta yau, tun tana iya ba shi amsa.