Ɗigon jan farcen Lawal

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Lawal mai gyara, kuma tunda na ce zan rubuta gaskiya, to har yau ina jin kishinsa. Na san ba kyau a yi kishin wanda ke kabari. Na yi istigfari, abin bai fita ba.

Tare muka koyi gyaran rediyo da talabijin a Ƙanƙara, wurin maigida ɗaya. Ni na riga shi da shekara guda, ni na nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen narka dalma. Amma da kwamfutoci masu ƙaton allo suka fara shigowa makarantu da shagunan buga takardu, sai sunan Lawal ya tafi ya bar nawa. Mutum zai ɗauro kwamfuta a bayan babur daga Faskari ko Sabuwa, ya wuce ƙofar shagona, har ya ɗaga mini hannu, ya nufi nasa.

Tsohuwar kwamfuta ciwonta sananne ne. Kafasita, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan fanel, wato farantin da kayan cikinta ke manne a kai, su ke kumbura su yi yoyo. Canza su kowa ya iya. Inda ake gane gwani shi ne bayan an canza, a kunna, allo ya kawo zane-zane ko ya tsaya baƙi. Ni nan da nan nake ɗora wa allon laifi, ko wayarsa. Lawal kuwa cewa yake, fara tuhumar hannunka, ka koma inda ka taɓa ƙarshe. Kuma yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi masa tsiya a kanta: kafin ya cire kowace kafasita sai ya ɗiga jan farcen matarsa a gefen da ƙafarta mai ratsi take, don ita in an juya ta ba ta yafewa. Na ce masa ai masu ƙera fanel sun riga sun buga alama, kai ka fi su ne? Dariya kawai ya yi.

Da zai dawo yau ya ga kowa da waya a hannu, in ta lalace a jefar, ban san me zai ce ba. Ina jin zai zauna ne ya koyi gyaranta cikin wata biyu, ya sake wuce ni.

Bayan sallar da ta wuce, matarsa Malama Rabi ta zo daga Ruwan Godiya, inda ta koma gidansu, da tsohuwar kwamfutarsa a cikin buhu. Ta ce, "Malam Isa, hotunanshi duk suna ciki. Autarmu za ta yi aure, kuma ba ta tuna fuskarshi sosai. An ce mani in ba kai ba, babu saura."

Babu saura. Wato sai da ya mutu na zama na ɗaya. Na haɗiye wannan, na ce ta ba ni kwana biyu.

Na canza kafasitocin duka, na kunna. Fanka ta juya, allo ya kawo ratsi-ratsi yana rawa, babu harafi ko ɗaya. Na canza allo, na canza waya, na goge ƙafafun memori, wato katin ƙwaƙwalwarta, na bi dalmata da mitar gwada wuta. Kwana huɗu. Ma'ajiyar hotunan kuma tsohon yayi ce, ba ni da wata na'urar da za ta karɓe ta. Malama Rabi ta kira sau biyu, na ce ana kai.

A rana ta biyar na fito da fanel ɗin bakin shago inda haske yake. Ɗige-ɗigen jan farcen Lawal suna nan a kai, sun dushe, na gan su tun ranar farko na kawar da kai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk sun dace da alamar kamfani sai guda, kusa da inda wayar allo ke shiga. A nan kamfani ya buga alamarsa a juye, ni kuma na bi ta. Ɗigon Lawal yana ɗaya gefen.

Na cire kafasitar wurin, ta ɗan kumbura ma, na sa sabuwa yadda ya nuna. Na kunna. Allo ya washe, sai ga shi a tsaye a ƙofar shagonsa da hular nan da ta yi masa yawa, hannunsa a kafaɗar wani. Ni ne. Hoton da ya zaɓa ya riƙa gani kullum in ya kunna ke nan, ni kuwa a ciki ko murmushi ban yi ba.

Malama Rabi ta zo da autar, suka zauna suka kalla. Ta ce, "Ai dama ya sha faɗi, hannunka ya fi nashi tsabta a dalma." Ban gaya mata wanda ya yi gyaran ba. Yau nake faɗa a jarida, kowa ya ji.

Ban gaji shagonsa ba, ban gaji sunansa ba, kishin ma ban rabu da shi ba. Amma ranar kasuwa na sayi kwalbar jan farce, mai kayan kwalliya yana tambayata ko amarya zan yi. Tana nan kan teburina kusa da mita. Allah ya jiƙan Lawal, ya sa ya huta.