Agogon da Ba Ya Son Hutu

A gefen babbar kasuwar Anacha wani dattijo yana tsaye gaban teburin mai gyaran agogo. Ga faɗin kafaɗa, yatsu duk tabon wuƙa, murya irin wadda ta saba ciniki cikin kukan shanu. Ina jin mahauci ne.

Dattijon ya miƙa agogonsa. "Ya mutu, ɗana. Sa masa batir."

Mai gyara ya buɗe bayan agogon yana murmushi. "Baba, wannan ai ba ya cin batir. Ka ga ɗan ƙarfen nan mai lilo? Motsin hannunka ke juya shi, shi kuma ya ɗaure sifirin da ke tafiyar da agogon. Ko ka daina aiki ne?"

"Yara suka karɓe wuƙar, wai in huta."

"To, shi ma ya huta."

Mai gyara ya girgiza agogon, ya kara wa dattijon a kunne. Dattijon ya ji agogon ya tashi, sai dariya ta ƙwace masa.

Ga shi can yana tafe yana wurga hannu kamar soja. Wani mai babur ɗin okada ya zaci shi ake kira, ya taka birki.

"Baba, ina zuwa?"

Dattijon ya dubi agogonsa, ya tattare riga.

"Kai ni kwata."