Takardar da Ba Ta Kai Layin Baya Ba

Jikata ta fari, wadda muke kira Shiru-shiru, a hannuna ta tashi, domin uwarta ma'aikaciyar jinya ce, yini take a asibiti. In baƙo ya yi sallama, bayan ƙofa yarinyar nan take shigewa. Ni na koya mata riƙe alƙalami, na kuma koya mata abin da malamanmu na mishan suka dasa mana: a ja layi a gefen shafi, a rubuta rana da kwanan wata da lokaci a sama, kuma ɗalibi ba ya magana sai an kira shi. A zamaninmu malami yakan buɗe rajista ƙarfe bakwai da rabi, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya ce, "Ga ni." Mu talatin da biyu ne, har yau ina iya jero sunayen.

Da ta shiga jami'a, zauren da ake koya musu lissafi yana cin mutum ɗari huɗu. Ta zaɓi layin ƙarshe, kusa da wata taga mai fasasshen gilashi, ta zauna tana jiran a kira suna. Ba wanda ya kira. Sai da ta yi mako uku ta gane cewa takardar da ke yawo hannu zuwa hannu a gaba ita ce rajistar. Takardar kuwa ba ta taɓa isowa baya ba. Na gaba sukan sa wa kansu hannu, su sa wa abokansu da ke kwance a ɗaki, shafi ya cika. In an tashi, sai a yi wa shugaban aji rubdugu ana ture-ture. Ita takan tsaya nesa da littafinta a ƙirji har wurin ya watse.

Saura mako biyu jarrabawa aka liƙa sunayen waɗanda zuwansu aji bai kai kashi uku cikin huɗu ba. Ba za su zauna jarrabawar ba, sai baɗi. Ita ce ta uku a jerin, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa fashi ba.

Ranar Asabar ta zo gida ta same ni ina goge rigata.

"Amarya, wa ya taɓa mini ke?" na ce.

"Kai ne, tsoho. Kai ka ce in jira a kira ni."

Ta zayyana mini komai. Ta ce shugaban aji ma ya tausaya mata, ya ce ta kawo lambarta ya cusa a tsofaffin takardun, haka kowa ke yi.

"Me kika ce masa?"

"Na ce a'a. Ranakun da na zauna da gaske ba zan saye su da ƙarya ba."

Na jawo takarda zan rubuta wa malamin wasiƙa mai ladabi. Ta ɗora hannu a kan alƙalamin.

"Ajiye. Ka raka ni dai, amma a waje za ka zauna."

Ranar Litinin na zauna a benci bakin ofishinsa. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, don haka na ji komai.

"Kowa haka yake cewa, 'yata," in ji malamin. "Takarda nake bi."

Na ji ƙarar buɗe littafi. Sai ta fara karanto masa.

"Ranka ya daɗe, Talata sha huɗu ga wata ka shigo tara da minti ashirin, ka ce tayarka ce ta yi faci. Alhamis ɗin da ta biyo aka ɗauke wuta, ka yi darasi ba lasifika. Ranar ashirin da takwas, a layi na uku a allo, ka sa alamar ɗebewa inda ya kamata ka tara. Ba wanda ya gyara maka."

Ya ce ta miƙo masa littafin. Sai na ji yana juya shafuka.

"Ke da kika gani, me ya hana ki gyara?"

"Ba ka kira ni ba."

Ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba.

"Ranar da aka yi ruwan sama mu ɗari da tara ne a zauren," ta ce. "Daga baya ana ganin kowa, na ƙirga. Takardarka nawa ta ce?"

Na ji ya ja aljihun tebur, ya daɗe yana dubawa. "Ɗari uku da sittin," ya ce a hankali. "Su waye ke sa hannun?"

"Ban zo kai ƙarar kowa ba. Sunana na zo a cire daga bango."

Ya fito da kansa, alƙalami a hannu, ya wuce ni ya nufi allon sanarwa, ya ja layi a kan suna na uku, ya sa hannu a gefe. Ya ce daga yau takardar daga layin baya za ta riƙa farawa.

Da ya koma ciki ta matso kusa da ni.

"Tsoho, ƙafafuna sun ƙi. Riƙe ni, amma ka yi kamar ni ce nake riƙe da kai."

Haka muka sauko matakalar, ɗalibai suna ba mu hanya, suna yaba yarinya mai kula da kakanta. Ta zauna jarrabawar, ta ci. Har yanzu tana layin ƙarshe kusa da tagar nan, kuma sunanta ne na farko a takarda.