Ranar da Maigidana Ya Yi wa Na Tara Kabbara

Maigidana bai taɓa zuwa na biyu a makaranta ba. Haka yake faɗa wa yaranmu, haka kuma abokansa na unguwarmu ta Plumstead, a nan ƙasar Turawa, suke faɗa wa nasu. Na sha mamakin wane irin aji ne wannan da kowa na ɗaya, amma ban taɓa tambaya ba, don ni ma haka nake cewa.

Sai ga shi da girmansa ya kamu da son tseren keke. Mutumin da rabonsa da hawa keke tun yana Zariya, shi ne zai share awa huɗu ran Lahadi yana kallon ramammun Turawa suna hawan dutse. Da ya tashi zaɓen ƙungiya kuma bai ɗauki masu cin kofi ba, sai wata 'yar ƙarama da ko mai sharhi ba ya yawan tunawa da ita.

Ina yanka kuɓewa ya yi mini bayani. Duk shekara uku ake haɗa makin ƙungiyoyi, na ƙasa a sauke su rukuni na biyu, daga nan manyan tsere sai an gayyace su. Masu kuɗi sun kwashe gwanaye, har mai ɗauko wa gwaninsu ruwa da a wani wuri yake shi ne gwani. Nasa kuwa sun daina mafarkin nasara. Dabararsu su cusa mutum biyu ko uku cikin ashirin na farko, su yi ta tsintar maki kamar kaza a gindin turmi.

Na ce, "To Alhaji, me ka gani a wurinsu?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Da abin da suke da shi suke yi."

A wannan shekarar ce babbar 'yarmu, mai shekara goma sha huɗu, ta zo da takarda daga makaranta. An sauke ta daga rukunin farko na lissafi zuwa na biyu. Ni ta fara nuna wa, muna cikin bas daga kasuwar Woolwich. Ta ce rabin ajin suna da malamin da ke zuwa har gida, ita kuwa daga ita sai littafinta. Sa hannun ubanta ake so, kuma ta san abin da zai ce. Takardar ta kwana shida a jakarta. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji kunya, don da hannuna a cikin wannan tsoron.

Ran Lahadi da la'asar muka ji kabbara daga falo. Na fito da ludayi a hannu, na zaci an yi wa wani haihuwa a gida. Ashe ɗan ƙungiyarsa ne ya zo na tara, wani na goma sha biyu. Maigidan yana tsaye, hula ta karkace, ana nuna wanda ya ci tseren amma ko kallonsa bai yi ba.

Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa. Hausa tana ji sarai, mayarwa ce sai da gauraye.

"Abba, wannan da ya zo ninth, are you proud of him?"

"Sosai ma, Mamana! Kin san da su wa yake karawa?"

Sai ta miƙa masa takardar.

Ya karanta, ya sake karantawa. Na ga "mu a zamaninmu" ta taso har bakinsa, ya dubi talabijin, ya haɗiye ta. Ya nemi biro ya sa hannu. Ya jima yana gyara hular da ta riga ta zauna daidai, sannan ya ce a hankali, "A aji uku na sakandare na zo na goma sha bakwai. Kwana biyu ina ɓoye wa kakanki."

Ta ce, "Out of how many?"

"Mamana, kada ki wuce gona da iri."

Ta yi dariya har da hawaye, ta zauna kusa da shi, abin da rabonta da yi tun farkon zangon. Can ta juyo ta zuba mini ido. Na ce miyata za ta ƙone.

Ƙungiyar dai an sauke ta, maki bai kai ba. Har yau yana kallonsu, ita kuma tana gefensa da littafin lissafi, in ta kasa ta tambaye shi ba tare da fargaba ba. Ni ce kaɗai na rage ta ɗaya a gidan nan, kuma ba wanda yake kawo mini takarda.